Piyanon Dussek da Kalangun Matamaye

Akwai wata tambaya da Bahaushe yake yi idan ya ji kiɗan da bai saba da shi ba, wato: "Me yake cewa?" Bai cika damuwa da wanda ya tsara kiɗan ba, maganar da ke cikinsa ita ce damuwarsa. Yana kuma da hujja, domin a wurinmu fata da ƙarfe da kara duka suna da baki. Kalangu yana kiran mahauci da sunansa, gangar noma tana zuga saurayi a gayya har ya manta da ciwon baya, kakaki kuwa, wanda Tarihin Kano ya ce ya shigo fada a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, ba ya buɗe baki sai don sarki. Dalilin haka yana cikin harshen kansa. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya: idan ka ɗaga murya a gaɓoɓin "kuka" duka biyu, hawaye kake nufi, idan kuma ka sauke ta a gaɓa ta biyu, to ka koma gindin itaciyar da ake miya da ganyenta. Makaɗi yana matse igiyoyin kalangu a hammata sauti ya hau, ya sassauta sauti ya sauka, sai ga jimla ta fito ba tare da an motsa leɓe ba. Wannan jimla ita ce take.

Da irin wannan kunne na riski sonatocin Jan Ladislav Dussek, mutumin ƙasar Bohemiya, wadda take cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Ina neman abin da zan haɗa da wani darasin Faransanci a kan juyin juya halin 1789 ne na ci karo da wani kiɗan piyano da ya tsara a 1793 game da wahalhalun sarauniya Marie-Antoinette, tun daga kurkuku har zuwa faɗuwar wuƙar da ta sare mata kai. Daga nan na bi sawunsa zuwa sonatocinsa, waɗanda sun kai kimanin 30. Na san wani abokin aiki zai ce: yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar tun watan Maris na 2025, me ya kai malamin Hausa ga kiɗan wani Bature da ya mutu shekaru fiye da 200? Amsata ita ce, wannan Bature ya nuna mini wani abu game da takenmu wanda ban gan shi da kyau ba sai da na tsaya a ƙofar gidansa na waiwayo namu.

Kalmar "sonata" daga Italiyanci take, daga aikatau mai ma'anar fitar da sauti da kayan kiɗa. Kishiyarta ita ce "kantata", abin da ake rerawa da murya. Ashe tun daga sunanta sonata ta sanar da cewa babu magana a cikinta. Kiɗa ne mai kashi 2 zuwa 4, wanda mutum ɗaya zai iya kaɗawa a piyano. A kashi na farko yawanci akan gabatar da kari biyu masu hali dabam, a sa su yi ta kai da kawo, a raba su, a juya su, sa'annan a dawo da su gida, kamar fatake biyu da suka fita tare suka komo kowa da abin da hanya ta yi masa. Kuma duka a rubuce yake a takarda mai layuka biyar biyar, ta yadda wanda bai taɓa ganin mai shi ba zai iya zama ya kaɗa.

An haifi Dussek ranar 12 ga Fabrairu 1760 a garin Caslav. Mahaifinsa malamin makaranta ne, kuma shi ke kaɗa ogan a cocin garin. Wani Baturen Ingila mai suna Charles Burney, wanda ya zagaya Turai yana binciken kiɗa, ya biyo ta Caslav a 1772, ya shiga makarantar, ya tarar da yara ƙanana maza da mata suna koyon karatu da rubutu, suna kuma goga gogen Turawa da busa sarewa a ɗaki guda. Wannan hoto ya tsaya mini a rai a matsayina na malami. Ƙasar tana ƙarƙashin sarautar Ostiriya a lokacin, Jamusanci ne harshen manya da ofis, harshen Cek kuwa na gida ne da ƙauye, lamarin da ba ya bukatar a yi wa ɗan Nijar dogon bayani. Makarantun ƙauye suna fitar da makaɗa fiye da yadda ƙasar za ta iya ciyarwa, sai suka watsu a fadodin Turai, sunayensu ma suka lanƙwasa don su shiga bakin baƙi. Shi kansa Dusík ne a gida. A waje ya zama Dussek.

Idan aka bi rayuwarsa da idon Bahaushe, makaɗin fada za a gani. Ya yi Holan, ya yi Hambug, ya yi Rasha, ya zauna wajen wani basarake a Lituwaniya, ya isa Paris a 1786 inda sarauniya ta yi na'am da shi, ya ƙetara Landan a 1789. A Landan ya sa maƙerin piyano John Broadwood ya ƙara wa kayan kiɗan faɗi: daga maɓallai 61 zuwa 68 a 1791, sannan 73 a 1794 (na yau 88 gare shi). Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk makaɗin kirki ya san zama kusa da masassaƙi da dukawa yana cewa a rage nan, a ƙara can. An kuma ce shi ya fara ajiye piyano a kaikaice a dandali don jama'a su ga gefen fuskarsa, kasancewar kyakkyawa ne a ƙuruciya. Ya auri mawaƙiya Sophia Corri a 1792, ya shiga cinikin buga takardun kiɗa da surukinsa, cinikin ya karye, a ƙarshen 1799 ya sulale zuwa Hambug ya bar surukin da masu bin bashi, ya bar mata da ƴa. Sonatar da ta fito a 1800 mai suna "Ban Kwana", lamba 44 a jerin ayyukansa, ga abokinsa Clementi ya sadaukar da ita. Kiɗa ne mai nauyi da natsuwa, ina kuma son sa, amma duk lokacin da na saurare shi sai na tuna waɗanda aka bari ba ban kwana. Daɗin hannun makaɗi bai taɓa biyan bashinsa ba, a can ko a nan.

Wadda ta fi kama ni ita ce lamba 61, wadda ya kira Élégie harmonique, wato makoki cikin sauti. A 1804 Dussek ya shiga hidimar Yarima Louis Ferdinand na Furusiya, wanda shi ma gwanin piyano ne mai tsara kiɗa, har Beethoven ya sadaukar masa da ɗaya daga manyan ayyukansa. Zamansu ya wuce na bara da ubangida, ya zama na abokan hira da kiɗa har tsakar dare. Ranar 10 ga Oktoba 1806, kwana 4 kafin babban yaƙin Yena, wani sojan dokin Faransa ya kashe yariman a Saalfeld yana da shekara 33. Sonatar da Dussek ya yi masa kashi biyu ce kawai, kuma ba ta wuce kamar minti 15 ba. Tana farawa a hankali, can ƙasa, kamar mutumin da aka kawo wa labari yana zaune bai riga ya gane ba. Daga nan sai ta rikice, hannun dama yana kuka, hannun hagu yana kai da kawo ba hutu. Mai saurare zai zaci kashi na biyu zai kawo dangana, kamar yadda mu muke rufe zaman makoki da addu'a, amma ina! Kashi na biyu gudu ne, kuma kusan daga farko har ƙarshe karin ba ya sauka daidai kan bugu, kullum yana faɗowa a tsakanin bugu biyu, kamar numfashin wanda ya yi kuka har shessheƙa ta kama shi. Duk wanda ya taɓa ganin mace ta fito daga ɗakin gawa tana son magana numfashi ya hana ta, ya san wannan kari. A ƙarshe sautin yana raguwa har ya ɓace, ba a sallami kowa ba.

Shekara ba ta cika ba sai ga Dussek a Paris a gidan Talleyrand, mutumin da ya daɗe yana ministan harkokin wajen Napoliyon, wato a inuwar waɗanda sojansu ya kashe ubangidansa. Har ya yi wata doguwar sonata mai fara'a ya sa mata suna "Komowa Paris". In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ban ga abin zargi sosai a nan ba, domin makaɗi yana da ciki, kuma fadarmu ta san irin wannan rana. A watan Yuli na 1899 aka karya rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga a Tirmini, bayan ƴan makonni aka kashe shi. A 1906 Faransawa suka tuɓe wanda suka naɗa a madadinsa. Masu kakaki da algaita da tambari suna nan a ƙofar fada duk tsawon wannan juyi, suna da taken wanda ya tafi a bakinsu, ga kuma wanda ya zo yana jiran nasa. Bambancin kawai, baƙin cikin Dussek ya hau takarda, nasu kuwa ya zauna a kumatu da yatsu. Dussek ya mutu ranar 20 ga Maris 1812, ƙiba da giya da ciwon gaɓoɓi sun gama da kyakkyawar fuskar nan, bayan ya gama sonatarsa ta ƙarshe mai suna L'Invocation, wato roƙo. Duniya ta kusa manta shi fiye da shekara 100, amma takarda ba ta gajiya da jira: a 1964 wani Ba'amurke, Howard Craw, ya tattara ayyukansa ya jera su da lamba, yau kuma ga su ana kaɗa su a irin piyanon zamaninsa, har suna isowa Matamaye a cikin salula.

Wata rana na gwada wani abu a aji. Na kunna wa ɗalibai kashi na biyu na Élégie ban faɗa musu sunansa ba, na ce kowa ya rubuta da Hausa abin da kiɗan yake cewa. Wani ya ce hadari ne ya taso mata suna kwashe shanya. Wata ta ce uwa ce take neman ɗanta a kasuwa. Wani kuma ya ce doki ne ya kuɓuce. Na karɓi duka, domin babu wanda ya yi kuskure: sonata ba ta da jimla a ƙarƙashinta, shi ya sa ma Dussek yake ara mata suna, ya ce wannan ban kwana ce, wannan makoki, wannan roƙo, don ya nuna wa mai saurare inda zai dosa. Da na faɗa musu labarin yariman sai aji ya yi tsit, wata yarinya ta ce: "Mushe, ashe ba gudu yake ba, numfashi yake nema."

Bayan haka na kunna musu kalangun da na ɗauka da salula wajen wani tsoho a garin nan, na maimaita tambayar. Amsoshin suka zo iri ɗaya da na farko: biki ne, murna ce, ana rawa. To amma wannan karon akwai amsa guda wadda ita ce daidai, domin taken wani mahauci ne, da sunansa da sunan ubansa da abin da aka san shi da shi. Yaro ɗaya ne ya gane, shi ma don gidansu gidan fawa ne. Sauran, Hausawa ƴaƴan Hausawa, sun saurari kalangu kamar yadda suka saurari piyano.

Abin da Dussek ya nuna mini ke nan. Kiɗansa an haife shi ba magana, ya yi ta ƙoƙarin ba shi baki da sunaye. Namu an haife shi da magana, ga shi kuma yana zama bebe a kunnen ƴaƴanmu alhali sautinsa bai ragu ba ko kaɗan. A hawan salla a Kance ko a Damagaram har yanzu algaita tana tashi, mai busa ya cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba, matasa suna ɗaga salula suna ɗauka. Sai dai ka tambayi mai ɗaukar me algaitar ta ce, ka ji ya ce ta yi daɗi. Takenmu yana rikiɗa ya zama sonata ba da son kowa ba, kuma mummunar sonata, domin ba a gina shi don ya tsaya shi kaɗai ba. Jimla ce gajera da ake maimaitawa. Ƙarfinta yana cikin sanin wanda ake kira da abin da ake tuna masa. Idan aka cire wannan, abin da ya rage ɗan kaɗan ne.

Tsohon da na ambata ya fi ni iya faɗin abin. Na je gaishe shi da goro, na ce: "Baba, yaran yanzu ba sa jin kalangu." Ya ce: "Suna ji mana, Mushe, ai ba kurame ba ne. Da, in na tsaya a bakin mahauta na kaɗa, mutum yana can bayan rumfuna zai ajiye wuƙa ya taso, don ya san shi na kira. Yanzu in na kaɗa taken uban yaro a gabansa, sai ya ba ni dala ashirin ya ce Allah ya ƙara basira. Da ya zage ni da ya fi mini, in dai ya gane."

Saboda haka nake ganin ɗaukar sauti kaɗai ba ya ceton take. An yi aiki, ba a ce ba a yi ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. An buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai a 1989, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙasar nan. Kuma muna da misalin da ya kamata kowane malami ya riƙe, na marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker a jiharmu ta Damagaram, wanda malamin lakwal ne kafin duniya ta san shi da gurmi. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban Bukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, ya koya a hannunsa kafin tsohon ya rasu, ya kuma kai biram har Turai. Shi ma ya rasu a watan Nuwamba na 2018. Abin lura a nan, bai aika na'ura ta ɗauko ba, da kansa ya je ya durƙusa. Take ma haka yake bukata, har da ƙari: a ɗauki sautin, a rubuta kalmomin, a sa alamar hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, a rubuta mai taken da sana'arsa da unguwarsa, da dalilin da ya sa aka yi masa shi. Mu malaman Hausa mun san waɗannan alamomi, muna koyar da su a darasin nahawu yara suna hamma, alhali ga inda suke da amfani a bakin kasuwa. Wannan ita ce takardarmu mai layuka biyar, ba sai mun aro ta kowa ba.

Na san inda gizo ke saƙa. A Caslav uban Dussek yana koyar da karatu da kiɗa a ɗaki ɗaya ba wanda ya ga aibi. A nan kuwa kiɗa gado ne, kuma gadon da ake so a biki a ƙi shi a aure. Akwai uban da zai iso lakwal da safe ya ce bai kawo ɗansa don a mai da shi maroƙi ba, akwai kuma wanda zai kawo hujjar addini. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Abin da nake ce musu shi ne ba kaɗawa nake koya wa yaro ba, ji nake koya masa, kamar yadda nake koya masa karin magana ba don ya zama sanƙira ba. Wanda ya san taken kakansa ya san sana'ar gidansu, ya san wanda ya yi wa kakan alheri da wanda ya yi gaba da shi, abubuwan da ba su cikin kowane littafin tarihi da aka aiko mana. Ƙungiyoyin al'adu kuwa, waɗanda suka fi mu shiga fada da sanin sarkin makaɗa da sarkin fawa, su ne za su iya buɗe ƙofofin da malami shi kaɗai ba zai iya ba. Kuma a riƙa zuwa da goro mai kauri: take ba a kaɗa shi a banza, bai kuma kamata a rubuta shi a banza ba.

Ni da wasu ɗalibai mun fara da mahauta, don su ne kusa. Littafin rubutu ne na talaka mai shafi 100, kowane take da shafinsa. Tsohon yana kaɗawa, ya tsaya, ya faɗi kalmomin a hankali, yara su rubuta su sa alamomi, sa'annan ya sake kaɗawa su bi da yatsa su ga ko alamar ta dace da abin da fata ta ce. Sau da yawa shi yake gyara mana nahawu, ko da yake bai taɓa shiga aji ba: ya ce a'a, nan wurin ƙasa yake, ku saurara. Akwai take guda da ya kaɗa har sau uku, fuskarsa ta canza, amma da muka ce ya faɗi kalmomin sai ya ajiye makaɗi ya ce: "Wannan habaici ne, Mushe. Wanda aka yi wa ya rasu, wanda ya sa aka yi ya rasu, amma jikokinsu suna auren juna. Ba da bakina ba." Na ce to me za mu rubuta? Ya ce mu rubuta abin da muka ji. A wannan shafi babu ko kalma ɗaya, sai jerin alamomi goma sha ɗaya na sama da ƙasa, a bisansu kuma yarinyar nan ta aji ta rubuta masa suna da jan biro: "Rigimar rumfa biyu".